Dutsen da Bai Gama Bushewa Ba

Sojoji biyu da saje ɗaya suka zo shagonmu a Suzhou da hantsi. Ana sanyi. Baba yana tace kunun liƙi, ni ina goge tebur.

Sajen bai gaida kowa ba. Ya tsaya a ƙofa yana ɓare 'ya'yan kankana da haƙori, yana tofar da ɓawon a dandamalinmu.

"Wane ne Gu mai yi wa zane riga?"

Baba ya ajiye rariya. "Ni ne, ranka ya daɗe."

"Saje Kuang nake. Kwamanda Dou na nemanka. Haɗa kayan aikinka." Ya juyo gare ni. "Wannan dogon fa?"

"Ɗana ne, Ansheng."

"Ya iya?"

"Yana koyo."

"To ya zo ya ƙarasa koyon a can."

Sana'armu ke nan tun kakan Baba. Mu ba ma zane. Mai zane ya yi nasa a takarda mai laushi ya tafi, mu ne za mu liƙa mata baya, mu kewaye ta da siliki, mu sa sanda sama da ƙasa, don a rataye, a naɗe, ta kai jikoki. In ta tsufa a dawo mana da ita mu tuɓe tsohuwar riga mu sa sabuwa.

Inna ta biyo mu har bakin ruwa da ƙunshin shinkafa. Ɗaya daga cikin sojojin ya karɓe ƙunshin ya cinye a jirgi.

A jirgin ne Saje ya ba mu labari, ba wanda ya tambaye shi.

"Akwai wani irinku a arewa. Shi ma gwani ne, haka suka ce. Ya bar tabon yatsa a kusurwar wani zanen Kwamanda. Ɗan mitsitsi, ni ban ma gani ba."

Baba yana kallon ruwa.

"Kar ka damu, tsoho. Kwamanda ba ya kashe mai sana'a. Hannun da ya yi ɓarnar kawai yake karɓa."

"Yana raye?" in ji Baba.

"Garau. Yana koyon riƙe tsinken cin abinci da hagu." Ya miƙa wa Baba 'ya'yan kankana. "Ci mana. Ku mutanen kudu komai sai da sukari."

Baba ya karɓa. Ya riƙe su a tafinsa har muka sauka.

Gidan na wani attajirin gishiri ne a da. Yanzu dawakai ne a lambun, an ɗaure su a jikin itatuwan furanni. Kwamanda gajere ne, muryarsa ƙasa-ƙasa, sai ka matsa za ka ji. Ya sa sojoji biyu suka warware wani tsohon zane a ƙasa, a kan daɓen dutse na zaure. Na ji yadda tsohuwar takardar ke ƙara a hannunsu. Baba ya runtse ido.

Zanen dogo ne, ya fi tsayin mutum. Daga ƙasa gada ce ta katako, mutum ɗaya da jaki a kanta, duk girmansu bai wuce ƙwayar wake ba. Hanya ta bi ta cikin itatuwan sung, waɗanda ba sa kaɗe ganye rani da damina, ta ɓace. Sai farin fili, ba ɗigon tawada ko ɗaya, amma kana gani ka san gajimare ne. Daga cikinsa dutsen ya taso, baƙi, ya haɗiye sauran takardar, da siririn ruwa yana gangarowa ta kafaɗarsa. Hatiman masu shi na da suna jere a gefe, jajaye, wasu sun dushe. Ban tambayi inda mai shi na ƙarshe yake ba.

Karaya ta ratsa shi wuri-wuri. Hayaƙi ya rina shi. Ƙwari sun ci kusurwa.

"Tsohuwata za ta cika saba'in in wata mai zuwa ya yi tsakiya," in ji Kwamanda. "Dutse da itacen sung. Ka san abin da ake nufi."

"Tsawon rai, ranka ya daɗe."

"A bayanta za a rataye shi, baƙi na kallo."

Baba ya durƙusa. "Ranka ya daɗe, wankewa da ɗaura baya zan iya kafin nan. Amma bushewa ba a hannuna take ba. Irin wannan yakan ci sanyi da damina a bango kafin a sauke shi."

"Na ji."

"In aka gaggauta..."

"Na ji, Malam Gu." Ya yi murmushi. "Wata mai zuwa."

Aka ba mu ɗaki a bayan gidan, wanda attajirin ke ajiye littattafai a da. Kafinta ya kafa mana allon bango. Aka kawo tebur. Soja ɗaya a ƙofa kullum.

Muka kwantar da zanen, muka zuba masa ruwan zafi. Ruwan ya fito kamar shayi. Muka sake, muka sake, har ya fito fari. Sannan muka kife shi, muka fara ɓare tsofaffin takardun baya. Na waje ni na ɓare. Ta ƙarshe, wadda ke manne da zanen kansa, takardar rai muke ce mata, ita Baba ba ya bar wa kowa. Ba a ɓare ta. Murza ta ake yi da ciki na yatsan tsakiya, a hankali, tana naɗewa kamar dattin wanka. Ka danna kaɗan fiye da ƙima, ka tafi da dutsen.

Kwanaki yana kai. Yatsan ya yi ja, ya fashe, ya koma na kusa da shi. Ni ina kallon hannun. Na san shi tun ina yaro, da jijiyoyinsa da tsohon tabon wuƙa a babban yatsa, amma ban taɓa kallonsa haka ba. Da ya ɗauki kofi ina kallo. Da ya sosa wuya ina kallo.

"Daina," ya ce wata rana, bai ɗago ba.

"Me?"

"Ka sani."

Muka toshe ramukan ƙwari, muka ɗaure karayar da siraran takardu, muka sa sabuwar takardar rai, muka haɗa siliki mai launin toka, muka rufe bayan. Sannan muka ɗaga shi mu biyu, jiƙe, nauyinsa kamar gawa, muka shafa kunu a gefunansa huɗu muka manna shi a allon bango. Daga nan aikinsa ne. Yana bushewa yana jan jikinsa, gefunan suna riƙe da shi, a haka yake miƙewa sumul. Amma sai a hankali. Baba ya manna wata 'yar doguwar takarda a gefe, irin ta bayan zanen, da kunu iri ɗaya, don ta riƙa gaya mana halin da babban ke ciki.

Ɗakin da sanyi da danshi. Hakan muke so. Baba yana tari, yana rawar ɗari, amma a ranar ya cinye shinkafarsa duka.

Washegari tsohuwar ta zo.

Kuyanga na riƙe da ita, tana takawa kaɗan-kaɗan a kan 'yan ƙafafunta. Kwamanda yana biye kamar ƙaramin yaro. Muka zube. Ta tsaya gaban allon, ta fara daga ƙasa kamar yadda ya kamata, idonta na bin hanyar.

"Wannan mutumin da jakinsa," ta ce. "Har yanzu yana kan gada?"

"Har yanzu, ranki ya daɗe," in ji Baba.

"Matarsa ta gaji da jira ta auri maƙwabci." Ta yi dariya, ba haƙori. Kwamanda ya yi dariya. Saje ma.

Ta daɗe tana kallon farin filin. Ta ce a ƙauyensu haka safiya take. Sannan Baba ya yi tari, ta juyo ta dube shi sosai.

"Kai, leɓenka ya yi shuɗi. Ɗana, haka kake ajiye tsoho a ɗaki kamar rijiya? Sa'an babanka ne fa. A kawo masa kaskona, na ɗakina. Na tagullan."

"Ranki ya daɗe, ba na jin..."

"Yi shiru. Duk tsofaffi haka kuke."

Kafin azahar kaskon ya iso, babba, cike da garwashi. Sojoji biyu suka ɗauko shi. Suka dire shi a tsakiyar ɗaki.

Baba ya jira suka fita, ya je wurin Saje.

"Ranka ya daɗe, wuta ba ta zama ɗaki ɗaya da zanen da ke bango. Zai bushe ta waje kafin ciki. Zai ja da ƙarfi. Yakan fashe."

"Fashe yaya?"

"Ya tsage gida biyu."

Saje ya tofar da ɓawo. "To. So kake in je in ce wa Kwamanda, mai kunu ya ce a mayar wa uwarsa da kyautarta?"

Baba ya dubi kaskon.

"Ko kai za ka je? Ga hanya."

Baba ya dawo ya zauna.

Muka ja kaskon zuwa lungu. Saje ya sa aka mayar da shi tsakiya, wai kuyangar tsohuwa na leƙowa. Da yamma ya shafa silikin da bayan hannu, ya ce kai, ai ya fara bushewa, ashe wayo tsohon ke yi yana jan lokaci don ya ci shinkafar banza. Ya kai labari. Da safe kaskon ya zama uku.

Muka cika kwanoni da ruwa muka jera a gindin allon. Muka rataye jiƙaƙƙun tsummoki. Saje ya shigo ya tsaya yana kallo.

"Mu muna busarwa, ku kuna jiƙawa." Ya shuri kwano ɗaya. "Ɗan kunu, kwashe su. Daga yau ruwan da zai shigo ɗakin nan na sha ne, buta ɗaya."

Buta ɗaya. Muka ce ba ma son ganyen shayi, yana sa Baba tari. Aka riƙa kawo ruwan zalla. Ba mu sha. In sojan ƙofa ya juya baya, Baba ya guntsa, ya tsaya taku biyu daga allon, ya fesa ta tsakanin leɓe, ruwan ya fita kamar hayaƙi ya sauka ko'ina daidai. Ni na sama nake yi, na fi shi tsawo. Sai mu haɗiye ɗan abin da ya rage a harshe.

Leɓunana suka tsage. Idanuna na yaji saboda gawayi. Sanyin da Baba ke ji ya tafi, gumi yake yi yanzu, tarin ya ƙaru.

Kowace safiya yakan ƙwanƙwasa bayan silikin da farce, ya kasa kunne. Ranar farko sautin a dushe yake. Sai ya fara tashi. Sai ya koma kamar ganga da aka gasa a rana. Na daina tambayarsa.

Sannan muka fara jin wani abu. Ƙas. Shiru. Can kuma, ƙas. Kamar ɓera yana gwada hatsi. Daga allon yake fitowa, ba ka iya cewa daga ina. In ya yi, mu biyu mu tsaya da abin da muke yi. Har sojan ƙofa ya koyi tsayawa.

"Baba, mu sauke shi."

"A'a."

"Zai tsage."

"Cikinsa ɗanye ne. Ka sauke shi yanzu, takarda ta ja gabas, siliki ya ja yamma. Ba yau ba, ba gobe ba, amma zai kanannaɗe a bango kamar busasshen ganye."

"Gara ya kanannaɗe."

"Tun da na fara aiki ba a taɓa rataye abin da ya fito hannuna ya karkace ba."

"Hannun nake magana a kai."

Ya dube ni. Ya juya baya.

Ranar da abin ya faru iska ta juyo daga arewa, sama ta yi tas. Da tsakar rana butar ta ƙare. Baba ya roƙi sojan ƙofa ƙari, ya ce sai Saje ya dawo daga cin abinci. Muna zaune a ƙasa, garwashi yana ja.

Ƙarar ta zo kamar harbi.

Sojan ya faɗo ɗakin da bindiga a kafaɗa. Baba ya miƙe. Ni ban iya ɗaga kai ba. Na ga takalmin sojan, na ga tokar da ta zube a gefen kasko. Sai da na ji Baba ya saki numfashi na duba.

'Yar takardar gefe ce. Ta tsage a tsakiya, rabin na lilo.

Zanen yana nan. Ya yi ƙas. Ya sake, kusa da kusa.

Wuƙar gora tana kan tebur, doguwa, siririya, wadda ake saukewa da ita. Ban tuna na ɗauka ba. Na zura ta ƙarƙashin gefen dama daga ƙasa, na ja ta sama a hankali kamar yadda aka koya mini, kunu yana saki. Baba yana cewa wani abu. Na zagaya ta hagu. Da gefen ya saki, zanen duka ya yi wata ajiyar zuciya, ya ja jikinsa, ya saki kafaɗa.

"Kama ƙasan," na ce.

Ya kama. Ba yadda zai yi. Muka kwantar da shi a tebur. Ya bi shi da ido daga gada har kan dutse, bai sami tsaga ba. Ya sa tafi a bayansa, ya ji sanyin danshin da ke ciki. Sannan ya mare ni. Da hagu.

Saje ya shigo yana sakace haƙori. "An ce an yi harbi."

"An gama, ranka ya daɗe," in ji Baba. "Ya bushe."

"Ka gani? Wutar Iyar Kwamanda ce. Da an biye maka da sai baɗi."

Sauran aikin a ɓoye muka yi rabinsa. Muka danne shi tsakanin alluna. Muka shafa kakin zuma a bayansa muka goge da dutse mai santsi har kafaɗuna suka mutu. Baba ya rarake sandar ƙasa, ya narka darmar harsashi da ya roƙa wurin sojan ƙofa, ya ɗura a ciki, ya toshe, don nauyi ya riƙa jan zanen ƙasa. Bai taɓa yin haka ba. Yana yi bai dube ni ba.

"Zai riƙe?" na tambaya.

"Har biki."

"Bayan biki fa?"

"Bayan biki muna gida. In ya so a ce danshin zauren ne."

Ranar bikin aka rataye shi a bayan kujerar tsohuwa. Mu muna can ƙarshen tsakar gida tare da masu dafuwa. Daga nan ma ana ganinsa. Ya sauka sumul kamar ruwa a kwano. Manyan gari suka zo suna durƙusawa gaban tsohuwa, suna ɗaga kai suna yaba dutsen. Aka raba doguwar taliya. Na ci kwano biyu, na sha ruwa har cikina ya yi ciwo.

Da aka watse Kwamanda ya kira mu. Ya yafa wa Baba rigar gashi da hannunsa.

"Malam Gu, ka faranta ran tsohuwata. Zo ka ga wani abu."

Ya kai mu wani ɗaki. Akwatuna ne har rufi. Saje ya buɗe ɗaya. Naɗaɗɗun zane, a cushe kamar itacen girki.

"Duk suna son riga," in ji Kwamanda. "Ba gaggawa. Nan ne gidanku yanzu."

Baba ya yi godiya. Na ji muryarsa, ba ta yi rawa ba.

Hanyarmu ta zuwa rijiya tana bi ta ƙofar zaure. Kowace safiya ina ɗauke da guga, ina satar kallo. Da farko ba komai. Na fara cewa ko darmar ta yi aiki. Sannan sanyi ya wuce, ruwa ya fara sauka, bangaye suka fara gumi. Wata safiya na ga siririyar inuwa a gefen hagu, daidai farin filin, inda silikin ya ɗan ɗaga daga bango. Kaurin tsinke.

Ban gaya wa Baba ba. Da na dawo da gugan na tarar ya riga ya sani. Ya daina cin abincin safe.

Inuwar ta yi kaurin yatsa. Gefen dama ya fara. In ka tsaya daga gaba ba ka gani. Sai ta gefe. Kwamanda yana shan shayinsa a zauren kullum, kujerarsa na fuskantar ƙofa, zanen na bayansa. Rana ɗaya zai juya ya kira wani. Rana ɗaya kuyanga za ta zo da tsumman goge ƙura. Na fara jin takun kowa a gidan. In aka kira Saje daga nesa, hannuna ya tsaya a kan burushi.

Ana haka Baba ya je wurin Saje, ni ina bayansa.

"Ranka ya daɗe, kunun da muka zo da shi ya ƙare."

"Ga alkama a rumbu."

"Sabon kunu yana da ƙarfi, yana karya tsohuwar takarda. Akwai wani tulu cikin waɗanda na binne a bayan shago, ya yi shekara da shekaru. Shi ya dace da kayan Kwamanda. Yaron ya je ya tono."

"In aika soja."

"Soja zai fasa shi da shebur. Kuma bai san wanne ne ya nuna ba."

Saje ya dube ni, ya dubi Baba. Ya yi ɗan murmushi. "Kai kana nan dai."

"Ina zan je?"

Baba ya raka ni har ƙofar baya, yana gyara mini wuyan riga kamar ina yaro. Ya sunkuyar da murya.

"Ka ɗauki uwarka ka kai ta wurin kawunka a Huzhou. Ka zauna can. Ka canza suna, ka nemi aikin rini ko dako."

"Kai fa?"

"Ban tambaye ka ba."

"Ni na sauke shi."

"Ni aka kira daga shago. Tafi, jirgi ba ya jira."

Na kai Inna Huzhou. Ta tambaye ni sau ɗaya, na ce aiki ne ya yi yawa. Ta dube ni, ba ta sake tambaya ba. Kawu ya samo mini wuri a wata marina. Na yi kwana biyu ina zaune a bakin ruwa, ina kallon hannuwana. Sannan na koma Suzhou, na tono tulun, na ɗaure shi da igiya a baya, na hau jirgi.

Ana yayyafi da na isa. Na bi ta ƙofar zaure. Bangon fayau, sai ƙusa.

Saje yana zaune a kan matakala da 'ya'yan kankanarsa. Da ya gan ni ya daina tauna.

"Ɗan kunu. Na ci caca, ashe. Kowa ya ce ba za ka dawo ba."

"Ina Baba?"

"Tsohon nan naka da taurin kai yake. Ba wanda ya lura fa. Kana fita da kwana ɗaya ya je da ƙafarsa, ya kama hannun rigar Kwamanda ya kai shi gefe, ya ce duba. Ya ce shi ya sauke shi ɗanye, shi kaɗai, kai kana rijiya." Ya tofar da ɓawo. "Kwamanda ya ce to wa zai gyara? Tsohon ya ce babu, ɗansa ko burushi bai iya riƙewa ba. Kwamanda ya ba shi zuwa ƙarshen damina ya samo wanda zai gyara, in ba haka ba kuma, saura hagun, ka gane."

"Ina yake?"

"Inda ka bar shi. Iya ta yi kuka, ta aika masa da miya."

Ƙofar ɗakin a buɗe take. Zanen yana kan tebur, ya lanƙwashe kamar kwale-kwale, gefunansa na kallon rufi. Baba yana zaune a gefe cikin rigar gashi. Ya rame. Hannun rigar na dama an naɗe shi an ɗaure da tsumma a wuyan hannu, inda hannun ya ƙare, tsumman ya yi baƙi.

Na sauke tulun. Ya daɗe yana kallona.

"Me na ce maka?"

Na kwance igiyar tulun.

"Uwarka?"

"Tana Huzhou."

"Ta sani?"

"Ban gaya mata ba."

Ya kau da kai wajen taga. Na ɗauka zai sake marina, na matsa kusa don kar ya sha wahalar tashi. Bai yi ba.

Saje ya leƙo. "To, Malam Gu, an sami mai gyara ke nan? In gaya wa Kwamanda?"

Baba bai juyo daga tagar ba.

"Gaya masa," na ce.

Takunsa ya yi nisa. Ruwa yana sauka a kan rufi.

"Dole a tuɓe shi duka," in ji Baba. "Har takardar rai. Sabon kunu ne a jikinta, za ta yi gardama. Ba ka taɓa yi ba."

"Na kalla."

"Kallo." Ya tura mini buta da ƙafa. "Ɗora ruwa. Ka yanke farce tukuna."

Na ɗora ruwan. Na zauna na ɗauki wuƙa. Na fara yanke farcen.